Jinin da Aka Ƙi Ɗiba

Zuwa ga ɗana Na-Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da 'yar jikata. Takardarka ta iso gare ni ta hannun direba. Na karanta ta a tsaye a ƙofar aji, na sake karantawa da na samu wurin zama.

Bari in fara da inda ka ruɗe, domin ba kai kaɗai ba ne. Mutane da yawa sun ɗauka gajiya da motsa jiki abu ɗaya ne, duk wanda ya kwanta jikinsa na tsami to ya biya wa zuciyarsa haƙƙinta. Ba haka ba ne, ɗana.

Ka ce asibiti sun nemi a ajiye ledar jini ɗaya da sunan matarka kafin haihuwa, saboda jinin da ta zubar wancan karon. Ka je bayarwa, nas ta kama wuyan hannunka ta ƙirga bugun zuciyarka, ta samu ɗari da takwas a minti ɗaya, ta ce su ba sa ɗibar jinin wanda ya haura ɗari. Ka koma gida ka ce wa matarka layi ne ya yi yawa. Na gane abin da ya sa ka rubuto maimakon ka kira ni, mai ɗaki ɗaya ba shi da sirri a waya. Sannan ka tambaye ni: “Gwaggo, ni da nake taka keken ɗinki tun safe har magariba, wane motsa jiki ne kuma ya rage mini?”

To ni ma ga tawa tambayar. Idan kana taka keken nan, ba ka bin waƙar rediyo? Na zauna a shagonku, na ji ka da kunnena, kuma muryar ba ta gyaru ba tun kana ƙarami. Aikin da mutum zai yi yana rera waƙa bai taɓa zuciya ba. Idon sawunka ne yake aiki, da idanunka, da gadon bayanka. Su ne suke gajiya. Zuciya kuwa tana nan zaune, ba wanda ya neme ta.

Ita zuciya tsoka ce, irin ta damtse. Ka ɗauka ruwa ya cika ɗaki, mutum biyu suna kwashewa, ɗaya da kofi, ɗaya da bokiti. Mai kofi sai ya yi ta sauri, ba hutu. Mai bokiti a nitse yake, kuma shi zai riga gamawa. Zuciyar da ta saba da aiki takan tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka idan mutum yana hutawa ba ta bukatar gaggawa. Ga baligi, tsakanin sittin da ɗari shi ne daidai, kuma masu motsa jiki a kai a kai sukan sauko kusa da sittin ɗin.

Ga abin da nake so ka yi. Da farko ka ga likita, domin zazzaɓi ko ƙarancin jini ko wata cuta ta maƙogwaro suna iya sa zuciya gudu, kuma ni malamar makaranta ce, ba likita ba. Idan ya ce ba komai, sai ka fara tafiya da ƙafa, rabin awa, yawancin ranakun mako. Tafiya mai sauri, wadda za ka iya magana amma ba za ka iya waƙa ba. In ka ji ciwo a ƙirji ko jiri, ka tsaya. Da safe kuma, kafin ka sauko daga gado, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙarƙashin babban yatsa, ka ƙirga minti guda.

Wata huɗu ne a gabanku. Sun isa, in ka fara yanzu. Ka gaishe mini da 'yata, kuma ina ganin gara ta ji daga bakinka.

Taka,
Gwaggo

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya makaranta, ya ɗalibai. Muna nan lafiya sai gajiya.

Na ga likita. Ya ce jinina ya isa, ba zazzaɓi, ba komai a wuya. Hawan jini ne ya ce yana leƙowa, bai shigo ba tukuna. Shi ma tafiyar ya ce, kamar kun haɗa baki.

Gwaggo, na yi ganganci. Na ce tunda lokaci ya ƙure, maimakon tafiya bari in yi gudu, abin ya yi sauri. Na je filin ƙwallo da asuba da takalmin aro. Zagaye biyu na yi, na uku sai ga ni a zaune a ƙasa ina ganin taurari. Kwana uku ina taka keke da ƙafar hagu. Mai guga na shagonmu har yau in na shigo sai ya miƙe ya ce, “A ba zakaran gudu kujera.”

Yanzu tafiyar nake yi kamar yadda kika ce. Amma ban ga canji ba. Yau ɗari da biyu, gobe casa'in da tara, jibi ya koma ɗari da huɗu. Ga shi mai shago ya karɓo ɗinkin kayan makaranta har na makarantu biyu, wando da riga sun kai rufi. Idan na rufe ido layin zare nake gani.

Kin ce in gaya mata. Gwaggo, ke ba ki nan wancan karon. Ina tsaye a barandar asibiti, aka fito aka ce jini, yanzu-yanzu. Na yi ta kiran mutane, wannan ya yi tafiya, wancan waya a kashe. Wani bawan Allah da ya zo duba mahaifinsa shi ya naɗe hannun riga ya shiga. Ko sunansa ban tambaya ba. Da ta farfaɗo na yi mata alkawari ba za a sake ba. Yanzu in je in ce mata me? In ce mijinki ga jini a jika amma ba ya ɗibuwa?

Ki yi mini addu'a. Idona yana rufewa, a nan zan tsaya.

Ɗanki,
Na-Gwaggo

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da girmamawa, ina fatan ƙafar da kika ce tana damunki ta yi sauƙi. Jikarki tana gaishe ki, ta ce a gaya miki haƙorinta ɗaya yana girgiza. Ni kuma ina nan ina jan jiki, cikin ya fara hana ni ɗaura zani yadda nake so.

Gwaggo, ki yi haƙuri, ƙarar ɗanki na kawo. Shi bai san na rubuto ba, kuma bai san na sani ba.

Tun ranar awo na ji komai. Nas ɗin ɗakin jini ta ga katina ta ce, “Au, ke ce matar telan nan? Ki ce masa ya daina zuwa mini a guje.” Ashe sau biyu ya je. Na biyun ko ke ina jin bai gaya miki ba. Ta ce ya shigo yana haki, ta zaunar da shi ya huta, abin ya fara sauka, tana buɗe ledar allura sai ya koma ɗari da goma. Tela, Gwaggo! Mutumin da yake kwana da allura a bakin aljihu.

Na dawo gida na zuba masa ido in ga ranar da zai faɗa. Har yau layi ne ya yi yawa.

Tafiyar da yake ce miki yana yi kuwa, ga yadda take. Yana fita da sassafe da takalminsa, ya ce mini aiki ne ya yi yawa. Ran nan na fita sayen burodi, sai na hango shi a bencin tashar bas, ya jingina kai da ƙarfe, baki buɗe, barci yake kamar an yi masa duka. Na tsaya ina kallonsa. Na so in yi dariya, sai na ji hawaye. Ban tashe shi ba, na bi ta bayan kanti na dawo.

Ga kuma gwangwanayen nan na lemon ƙara kuzari. Ina wanke wandonsa ina tsintar marfinsu a aljihu. Mai guga ya ce wa ƙanwata yakan sha uku kafin la'asar don kada ya ɗinke yatsansa.

Sai ƙirge. Gwaggo, me kika koya masa? Muna cin abinci hannunsa yana kan wuyan hannu. Ina yi masa magana leɓensa yana motsi. Na ce, “Baban yarinya, lafiya?” Ya ce, “Agogon ne yake matse ni.” Jiya jikarki ta kama hannun 'yartsanarta ta ce, “Ɗari da huɗu, kash!”

Ni ba jinin ne ya fi damuna ba, ko da yake ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Wani lokaci ina wanke-wanke sai in tuna fitilar ɗakin haihuwar wancan karon da yadda muryoyi suka yi nisa. Amma mutumin nan zai kwanta kafin ni in aka ci gaba a haka. In na yi magana zai ji kunya, in na yi shiru zai ƙare. Ki gaya mini yadda zan yi.

'Yarki,
Maman yarinya

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka, ya sauke ki lafiya. Na yi dariyar 'yartsana har ɗalibai suka leƙo.

Ki gaya masa kin sani. Yau, ba gobe ba. Rabin gudun da zuciyarsa take yi na ɓoyon nan ne. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki ce masa nas tana gaishe shi, sauran zai fito da kansa. Sannan ki ba shi takardar da ke ƙasa. Kuma ku nemi mutum ɗaya daga danginki ya zama cikin shiri, ko da ba a bukace shi ba. Wannan ba raini ba ne ga mijinki, hankali ne.

Na-Gwaggo,

Kada ka yi fushi da ita. Mace ta gan ka kana barci a tasha ta bi ta bayan kanti don kada ka ji kunya, ka riƙe ta da kyau.

Na ba ka aikin da ba shi da wurin zama a ranarka. Mutumin da bai ƙoshi da barci ba, in aka ce ya yanko rabin awa daga barcin, benci zai nema. To mu sake lissafi. Kada ka ƙara komai a ranarka, ka musanya kawai. Tsakanin gidanku da shago, in ban manta ba, bas yakan yi ta tsaye-tsaye, ga jira a tasha. Ka bar bas ɗin. Lokacin da kake ɓatawa a jira da cunkoso, ka taka da ƙafa. Ka tashi lokacin da ka saba tashi, ka isa lokacin da ka saba isa.

Gwangwanin nan kuwa bulala ce. Abin da ke cikinsa yana zaburar da zuciya, ya hana ka barcin kirki, gobe ka tashi a gajiye ka nemi wani. Kada ka yanke gaba ɗaya, kanka zai yi ciwo. Ka rage ɗaya-ɗaya, ka fara da na yamma, ka ajiye gorar ruwa kusa da keke.

Ƙirge sau ɗaya ne a rana, da safe, shi ke nan. Zuciya tana jin tsoro kamar mai ita. In ka tsare ta da ido tana ƙara sauri, kamar ɗalibin da malami ya tsaya a kansa yana rubutu. Kuma kada ka auna yau da jiya. Ka auna wannan mako da na wata guda da ya wuce. Tsoka ba ta ginuwa a kwana bakwai. Sai an yi makonni ana neman ta kullum kafin ta yarda cewa da gaske ake, ta fara ƙara ƙarfi. Kafin lambar ta motsa za ka ga wasu alamu: barci zai yi nauyi, hawan bene zai daina cinye maka numfashi, fushin yamma zai ragu. Hawan jinin da likita ya ce yana leƙowa, shi ma tafiyar nan tana korarsa.

Kada ka koma ɗakin jini sai ka ga lambar safe ta zauna ƙasa da casa'in. Ranar kuma ka hau mota, ka isa da wuri, ka ci abinci, ka zauna. Ranar ba ta nuna jarumtaka ba ce.

Na san ka gaji, ɗana. Ni ma da nake rubuto maka, takardun jarrabawa sun kai mini gwiwa. Amma wannan gajiyar da nake tura ka cikinta daban ce, ita tana biya.

Taku,
Gwaggo

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina neman afuwar shirun da na yi. Ba abin faɗa ne ya ƙare ba, ƙarfin riƙe biro ne babu.

Ta gaya mini. Ina cire takalmi ta ce, “Nas ta ce a gaishe ka, wai layin ya ragu.” Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa. Ban san lokacin da na fara ba ta labari ba, har da filin ƙwallo. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, na ce ta bari kada ta haihu a nan alhali ba a ajiye komai ba.

Na bar bas. Makon farko na tsine wa hanyar nan. Akwai wata gada ta masu ƙafa da ake hawa kafin shago, a tsakiyarta nake tsayawa in yi kamar ina kallon motoci. Yanzu yarinya nake ɗauka a wuya in sauke ta a makaranta, in wuce. Ita ce mai hana ni lalaci, tana dukan kaina tana cewa, “Baba, bas ya wuce mu!” Da yamma maman tana tarye ni a bakin titi mu ƙarasa a hankali, tunda ita ma an ce ta riƙa takawa. Ban san ranar da na daina tsayawa a gadar ba. Mai guga ne ya ce, “Kai, kwanan nan ba ka shigowa da fuskar mutuwa.”

Gwangwani saura ɗaya a rana, wani lokaci babu. Gajiya tana nan, Gwaggo, ba zan yi miki ƙarya ba. Ɗinki bai ragu ba, baya yana ciwo. Amma in na kwanta sai safe. Lambar ta daɗe tana yi mini taurin kai, sannan ta fara sauka kamar mai jin kunya. Makon jiya tamanin da huɗu, tamanin da shida.

Shekaranjiya muka je, tare da ita. Mun hau mota, mun zauna. Nas ta gan ni ta ce, “Tela, ka dawo? Yau ma da gudu?” Na ce a'a. Ta fita ɗauko kaya, na ji ƙarar farantin ƙarfen da take ɗora allura, sai ƙirjina ya fara bugawa. Ta dawo ta ƙirga. Ɗari da biyu.

Na ce shi ke nan, wata biyu da rabi sun tafi a banza. Na fara neman takalmina. Nas ta ce in zauna, za ta sake gwadawa sau ɗaya, in bai sauka ba sai wani makon. Wani makon kuwa, Gwaggo, likita ya ce haihuwa na iya zuwa ko yaushe.

Sai maman yarinya ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar rigar jariri da na yanka tun tuni ban ƙarasa ba, da zare da allura. Ta ce, “Ungo, kalmasar wuyan nan ta gagare ni. Kuma da hannu nake so, ban son ta keke.” Na ce, “Yanzu? A nan?” Ta ce, “Kana da wani aikin ne?”

Na karɓa don kada a yi gardama a gaban mutane. Yadin laushi ne da shi, sai an bi shi a hankali. Na yi gefe ɗaya, na juya. Ina cikin na biyun na ji yatsun nas a hannuna na hagu, ta ce, “Ci gaba, kada ka kalle ni.” Na ajiye allurar dai, amma idona yana kan wuyan rigar, ina duba inda ya karkace. Can ta ce, “Tamanin da tara. Hau gado, sauran ɗinkin nawa ne.”

Ban kalli allurarta ba. Silin na kalla har aka gama. Da ta ɗaga ledar ta rubuta sunan matata a jiki, sai na yi hamdala. An ba ni shayi mai siga. Na sha, na yi barci a kafaɗar mai ciki a cikin mota, ita da ya kamata ta jingina da ni.

Yanzu sai jira.

Ɗanki,
Na-Gwaggo

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta wa kaina sau uku, na rasa wanda zan gaya wa, sai na gaya wa mai gadin makaranta.

Abu ɗaya kawai. Ka huta yadda nas ta ce, sannan ka koma hanyarka. Zuciya tana saurin mantuwa, in ka koma bas makonni kaɗan za ta koma inda ka same ta. Leda ɗaya asibiti suka nema, amma yaran nan shekaru za su nema a wurinka.

Jakata a ɗaure take. Ku kira ni ko ina cikin aji.

Gwaggo

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na kira wayarki ba ta shiga, direba kuma yana shirin tashi, don haka a tsaye nake rubutu.

Ta sauka jiya da hantsi. Namiji. Ta zubar da jini kamar wancan karon, an ƙara mata leda ɗaya, ba a nemi ta biyu ba. Ina zaune a barandar nan, ban kira kowa ba. Yau ta ci abinci, har ta ce wuyan rigar ya karkace.

Da aka miƙo mini shi na ɗora kunnena a ƙirjinsa. Gwaggo, gudu yake kamar keken lantarki, na kasa ƙirgawa. Na fita da shi a hannu ina kiran nas, na ce yaron nan ya fi ɗari da arba'in. Ta ce, “Tela, mayar da shi wurin uwarsa. Haka nasu yake, ƙaramar zuciya ce. Ko so kake shi ma ya fara takawa zuwa shago?”

Na gaji ƙwarai. Ki taho, Gwaggo, ki ɗora kunnenki ki ji da kanki.

Ɗanki,
Na-Gwaggo